Bututun Ƙyalle: Yadda Kafofin Saƙa Ke Sarrafa Tafiyar Iska

Duk wanda ya shiga ɗakin yanka nama na wata babbar mayanka a ƙasashen Turai, idan ya ɗaga kai zai ga wani dogon abu mai kama da hannun riga rataye daga wannan bango zuwa wancan. Ƙyalle ne aka ɗinka, iska ta cika shi ya kumbura. Ƙarshensa a rufe yake, kuma sau da yawa ba a ganin wata huda a jikinsa. Duk da haka, ta cikinsa ne dubban mita kubik na iska mai sanyi ke shiga ɗakin a kowace awa, ba tare da ma'aikacin da ke tsaye a ƙarƙashinsa ya ji tana dukansa ba. Ta ina iskar ke fita? Amsar tana cikin saƙar ƙyallen, wato 'yan ƙananan kafofin da ke tsakanin zare da zare. Girman waɗannan kafofi da yadda aka jera su ne ke yanke yawan iskar da za ta fita, da saurinta, da nisan da za ta kai, har ma da kuɗin wutar lantarkin da mai masana'anta zai biya.

Asalin Bututun Ƙyalle

Ƙasar Danmak ta daɗe da shahara wajen sarrafa nama domin sayarwa a ƙasashen waje, kuma a mayankunta ne aka soma amfani da bututun ƙyalle irin na zamani a farkon shekarun 1970. Matsalar da ta haifar da shi mai sauƙin fahimta ce. Nama yana bukatar sanyi don kada ƙwayoyin cuta su hayayyafa a jikinsa. A yau ma dokar tsabtar abinci ta Tarayyar Turai, wadda aka kafa a 2004, ta tanadi kada zafin ɗakin yanka nama ya wuce digiri 12 na ma'aunin Selshiyas, sai fa in an yi wata dabara da za ta ba da sakamako iri ɗaya. To amma a cikin wannan ɗaki akwai mutane da ke tsaye wuri guda suna aiki da wuƙa tsawon yini. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa takan feso iska da ƙarfi daga baki ɗaya, ta riƙa dukan wuya da kafaɗun ma'aikata, hannuwansu su ƙage, mura ta yawaita.

Mutum yakan fara jin iska mai sanyi tana damunsa da zarar saurinta ya haura kimanin santimita 20 a daƙiƙa guda. Abin da ake nema ke nan shi ne hanyar shigar da iska mai yawa cikin ɗaki, amma a hankali ƙwarai. Sai aka yi tunanin ɗaura doguwar jakar ƙyalle a bakin fankar, domin iskar ta rarrabu a jikin ƙyallen gaba ɗaya, ta fito a natse. Dabarar ta yi aiki. Daga mayanka ta bazu zuwa masana'antun abinci, da ɗakunan bincike, da zaurukan wasanni, da wuraren ninƙaya, da manyan kantuna. Kamfanoni irin su KE Fibertec da FabricAir na Danmak, da DuctSox na Amurka, da Prihoda na Jamhuriyar Cek, duk sana'arsu ke nan.

Bututun ƙarfe aikinsa ɗaya ne, ya ɗauki iska daga nan ya kai ta can, inda wata taga mai raga za ta watsa ta. Shi kuwa bututun ƙyalle yana haɗa ayyukan biyu: shi ne hanyar, shi ne kuma tagar. Ga shi da sauƙin nauyi. Murabba'in mita guda na ƙyallen bai cika wuce giram 200 zuwa 400 ba, alhali farantin ƙarfe mai kaurin milimita 0.7 yana kai kilo 5.5.

Matsin Iska

Kafin iska ta ratsa ƙyalle, sai an sami abin da ke tura ta. Wannan abu shi ne bambancin matsi tsakanin cikin bututu da wajensa. Fanka ce ke cusa iska cikin bututun, da yake ƙarshensa a rufe yake sai iskar ta taru ta danna jikin ƙyallen ta kowane ɓangare. Ana auna matsi da faskal, sunan da aka ɗauko daga masanin nan na Faransa, Blaise Pascal. Yawancin bututun ƙyalle kan yi aiki a matsin da ke kusa da faskal 120. Wannan matsi ƙarami ne sosai, daidai yake da nauyin ruwa mai zurfin milimita 12 kacal, kuma iskar sararin duniya da ke danne kowa a kullum ta fi shi sau ɗari takwas da ɗoriya. Amma ya isa ya kumbura ƙyalle ya tsaya da siffarsa, ya kuma tura iska ta kafofinsa. Idan matsin ya yi ƙasa da yawa, bututun zai saki jiki ya yi lanƙwasa. Idan ya yi yawa, fanka za ta ci wuta fiye da kima, ƙara kuma ta ƙaru.

Yawan Kafofi Dabam, Ratsuwa Dabam

A nan akwai kalmomi biyu da ɗalibai kan rikita, kuma fahimtar batun duka ta dogara ga rarrabe su. Ta farko ita ce yawan kafofi, wato wane kaso na jikin abu ne fili wanda babu komai a ciki sai iska. Ta biyu ita ce ratsuwa, wato sauƙin da iska ko ruwa ke samu wajen wucewa ta cikin abin daga wannan gefe zuwa wancan.

Mai karatu zai iya zaton duk abu ɗaya ne, amma ƙasar da ake takawa ta isa misali. A zuba ruwa a kan yashi, nan take zai nutse. A zuba a kan laka, sai ya kwanta ya wuni bai shige ba. Abin mamaki shi ne, idan aka auna, filin da ke tsakanin ƙwayoyin laka yakan kai rabin jikinta, na yashi kuwa yakan tsaya wajen sulusi. Laka ta fi yashi yawan kafofi, amma kafofinta ƙanana ne ainun, don haka ruwa ke shan wahala kafin ya ratsa su. Haka abin yake ga ƙyalle. Yadi biyu na iya zama da fili iri ɗaya a jikinsu, ɗaya ya bar iska ta wuce a sauƙaƙe, ɗaya kuma ya tare ta.

A jikin saƙa akwai kafofi iri biyu. Akwai manya, waɗanda ke tsakanin zaren tsaye da zaren kwance, su ne ake hangen haske ta cikinsu idan an ɗaga yadi sama. Akwai kuma ƙanana, waɗanda ke cikin zaren kansa, tsakanin siraran silin da aka murɗe aka yi shi. Ƙananan suna ƙara wa yadi yawan fili, amma iska kaɗan ce ke bi ta cikinsu. Yawancinta ta manyan take wucewa. Saboda haka masaƙa na sarrafa ratsuwar yadi ta hanyoyi da dama: yawan zaren da aka jera a kowace santimita, da kaurin zaren, da ƙarfin murɗinsa, da salon saƙar. Zare mai gashi-gashi yana rage faɗin kafa, mai santsi kuwa yana barinta a buɗe. Wani lokaci akan bi da yadin tsakanin manyan ƙarafa masu zafi su danne shi, zaren ya baje, kafofi su tsuke. Idan kuma ana son kada iska ta ratsa sam, sai a shafe shi da roba.

Dokokin Darcy da Poiseuille

Mutum biyu 'yan Faransa ne suka shimfiɗa ilmin da ake bayyana wannan al'amari da shi, kuma babu ɗayansu da ya yi aiki a kan ƙyalle. Na farko shi ne injiniya Henry Darcy, wanda ya samar wa birnin Dijon ruwan famfo. A 1856 ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi na tura ruwa ta cikin bututu mai cike da yashi. Ya gano cewa yawan ruwan da ke wucewa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsin da ke tura shi: a ninka matsi, ruwa ya ninka. Ya kuma gano cewa idan aka ninka kaurin yashin, ruwan zai ragu da rabi. Iskar da ke ratsa ƙyalle mai matsattsiyar saƙa tana bin wannan doka, ko kusa da ita, domin a cikin irin waɗannan ƙananan kafofi iska na tafiya a natse, kuma gogayyarta da jikin zare ce ke rage mata gudu.

Na biyu shi ne likita Jean Poiseuille, wanda sha'awarsa ita ce yadda jini ke gudana a ƙananan jijiyoyi. A wajejen 1840 ya nuna cewa faɗin siririn bututu yana da tasiri mai ban mamaki a kan abin da ke bi ta cikinsa. Idan aka ninka faɗin sau 2, abin da ke wucewa zai ninku sau 2 × 2 × 2 × 2, wato sau 16. Idan aka rage faɗin da rabi, kashi ɗaya cikin 16 ne kawai zai wuce.

A ɗauki wannan doka a gwada ta a kan yadi. A ce masaƙi ya rage faɗin kowace kafa da rabi, sannan ya ninka yawan kafofin sau 4 don filin da ke buɗe ya zauna yadda yake. Kowace kafa yanzu tana ba da kashi ɗaya cikin 16 na iskar da take bayarwa a da. Kafofin sun ninku sau 4, don haka jimillar iskar ta zama 4 cikin 16, wato rubu'i. Filin bai canza ba, amma kashi uku cikin huɗu na iskar ya tafi. Kafofin yadi ba dogayen bututu masu santsi ba ne, gajeru ne masu kwana-kwana, saboda haka lissafin kimantawa ne kawai. Amma darasin tabbatacce ne: girman kafa ya fi yawanta tasiri nesa ba kusa ba.

Yadda Ake Auna Ratsuwa

Da yake ido ba ya iya tantance ratsuwar yadi, sai an auna. Akan ɗaure ɗan yankin yadi a bakin na'ura, a ja iska ta cikinsa har matsi ya kai wani adadi da aka tsayar, sannan a karanta yawan iskar da ta wuce. A Amurka ana bin ƙa'idar ASTM D737, inda aka saba aunawa a matsin faskal 125. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 9237, wadda ta fito a 1995, ta ba da shawarar faskal 100 ga yadin sutura da faskal 200 ga yadin masana'antu. Abin lura a nan shi ne, adadin ratsuwa ba shi da ma'ana sai an faɗi matsin da aka auna shi. Wanda ya kwatanta yadin da aka auna a faskal 100 da wanda aka auna a faskal 200 zai yi kuskuren da ya kusa ninki biyu.

Ga misalin lissafi wanda malami zai iya bai wa ɗalibai a aji. A ce akwai bututu mai faɗin rabin mita da tsawon mita 15. Kewayensa 3.14 × 0.5, wato mita 1.57. Faɗin jikinsa duka 1.57 × 15, kimanin murabba'in mita 23.6. A ce kuma kowane murabba'in mita na yadin yana barin mita kubik 200 na iska su wuce a awa guda a matsin faskal 120. Bututun zai ba da 23.6 × 200, wato kusan mita kubik 4,700 a awa. Duk wannan iska ta bakin bututu ɗaya take shiga, inda take gudun kimanin mita 6.7 a daƙiƙa, saurin da ya isa ya kwashe takardu daga kan tebur. Amma a jikin ƙyallen tana fita ne da saurin 200 ÷ 3,600, wato ƙasa da santimita 6 a daƙiƙa. Saurin ya ragu fiye da sau ɗari. Wannan shi ne sirrin da ya ceci wuyan ma'aikatan mayanka.

Daga Baki Zuwa Ƙarshe

Mutane da yawa kan ɗauka cewa iska ta fi fita a kusa da fanka, ƙarshen bututu kuma ya samu kaɗan. A bututun ƙyalle sau da yawa akasin haka ke faruwa. Dalili yana cikin ƙa'idar da Daniel Bernoulli ya wallafa a 1738, wadda ta nuna cewa idan iska ta rage gudu, ƙarfin gudunta yakan koma matsi. A bakin bututu iska na gudu sosai. Yayin da take tafiya, wani kaso yana zurarewa ta kafofi, wadda ta saura sai ta rage sauri, har ta tsaya cik a ƙarshe. A misalin da ya gabata, gudun mita 6.7 a daƙiƙa yana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin faskal 27. Gogayya da jikin ƙyalle za ta cinye wani abu daga ciki, sauran kuwa zai ƙaru a kan matsin da ke ƙarshen bututu. Saboda haka ƙarshen yakan fi bakin matsi, ya kuma fi shi ba da iska.

Ratsuwar yadi ce ke yanke ko wannan bambanci zai zama matsala. Idan yadin mai matsattsiyar saƙa ne, matsin cikin bututu zai yi yawa, ƙarin faskal ashirin ba zai canza abu mai yawa ba, iska za ta fito kusan daidai daga baki har ƙarshe. Idan kuwa yadin sakakke ne ƙwarai, matsi ba zai taru ba. Bakin bututun zai riƙa kaɗawa kamar tuta, ƙarshensa ya riƙa zubar da iska fiye da kima, ɗaki ya rabu gida biyu, wani ɓangare da sanyi wani babu. Tirjiyar da yadi ke yi wa iska ita ce ke raba ta daidai. Sai dai kowace tirjiya da farashinta, domin wutar da fanka ke ci ta dogara ga yawan iska da kuma matsin da take turawa. Aikin injiniya shi ne ya nemo tsaka-tsaki.

Iska Mai Sanyi da Mai Ɗumi

Iskar da ta fito da saurin santimita 6 a daƙiƙa ba ta da ƙarfin zuwa ko'ina da kanta. Nauyinta ne ke jagorantarta. Iska mai digiri 10 ta fi mai digiri 20 nauyi da kimanin kashi uku da rabi cikin ɗari, don haka idan mai sanyi ce sai ta gangaro a hankali daga bututu zuwa inda mutane suke, ta ture mai ɗumi sama. Wannan ya dace da mayanka da ɗakin bincike. To amma a ƙasashen da ake ɗumama gine-gine lokacin sanyi, iskar da ke cikin bututu ta fi ta ɗaki ɗumi, kuma ba ta da nauyi. Idan ta fito a hankali sai ta maƙale a rufi, mutanen da ke ƙasa su ci gaba da rawar ɗari. Haka nan a zaure mai tsawon rufi, iska mai natsuwa ba za ta gauraya da ta ɗaki yadda ake so ba.

Maganin wannan shi ne a huda ƙyallen. A yau da hasken leza ake yin hudojin, domin yana yanka daidai gwargwado, yana kuma narka gefen hudar don kada zare ya warware. Iskar da ke fita ta huda tana bin wata doka dabam da ta Darcy. Hanyar a buɗe take, gogayya kaɗan ce, don haka kusan dukan matsin yana komawa gudu. A matsin faskal 120, iska na fesowa daga huda da saurin kimanin mita 14 a daƙiƙa. Kuma a nan ninka matsi ba ya ninka iska: kafin iskar huda ta ninku sau 2, sai matsi ya ninku sau 4.

Girman huda shi ke yanke nisan da feshin zai kai. Yayin da feshi ke tafiya yana jan iskar ɗaki yana gauraya da ita, yana faɗi, yana rage gudu. Bisa kimantawa, feshi ɗaya tilo daga huda mai faɗin milimita 10 yakan yi tafiyar mita 4 kafin saurinsa ya sauko zuwa santimita 20 a daƙiƙa. Daga huda mai faɗin rabin milimita kuwa, tafiyar ba ta wuce santimita 20. Matsi ɗaya, saurin fita kusan ɗaya, amma nisa ya bambanta sau ashirin. Saboda haka akan yi dubban ƙananan hudoji inda ake son natsuwa, a yi manya a jere inda ake son iska ta kai ƙasa ko ta isa bango mai nisa. A manyan zauruka har 'yan bututun roba akan ɗinka a jikin ƙyallen domin su harba iska nesa.

Maganin Raɓa

Akwai wani amfani na kafofi wanda bai shafi yawan iska ba. Kowa ya san yadda kwalbar ruwan sanyi ke gumi idan an fito da ita daga firji. Tururin da ke cikin iska ne ke komawa ruwa idan ya taɓa abu mai sanyi. Alal misali, iska mai digiri 30 wadda laimarta ta kai kashi 70 cikin ɗari za ta zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 24 ko ƙasa da haka. Bututun ƙarfe mai ɗauke da iska mai digiri 14 a irin wannan ɗaki zai jiƙe sharkaf ya riƙa ɗiga, sai fa an naɗe shi da abin tare sanyi. A masana'antar abinci ɗigon ruwa daga rufi hatsari ne, domin yana iya ɗauko ƙwayoyin cuta ya sauke a kan abinci, ga kuma tsatsa da fumfuna.

Ƙyalle mai ratsuwa yana kare kansa. Iskar da ke fitowa ta kafofinsa mai sanyi ce kuma busasshiya, tana lulluɓe bututun kamar mayafi, ta hana iskar ɗaki mai laima taɓa jikinsa. Ratsuwa 'yar kaɗan ta isa wannan aiki. Shi ya sa ko bututun da hudoji ne ke ba da yawancin iskarsa, akan zaɓi yadi mai ɗan ratsuwa idan iska mai sanyi zai ɗauka. Wannan mayafin iska yana kuma rage ƙurar da ke kwanciya a saman bututu. Yadin da aka shafe da roba ba shi da wannan kariya, yana gumi kamar ƙarfe.

Ƙura, Babbar Abokiyar Gaba

Yadin da iska ke ratsawa mataci ne, ko an so ko ba a so ba. Duk ƙurar da ta tsere wa matatar da ke gaban fanka za ta maƙale a cikin saƙar. A nan dokar Poiseuille ke sake bayyana. Idan ƙura ta rage faɗin kafa da kashi 10 cikin ɗari kawai, iskar da ke bi ta cikinta na iya raguwa da kusan sulusi. Idan ta rage shi da kashi 20, fiye da rabi ya tafi. Daga waje bututun zai ci gaba da kyan gani, har ma ya ƙara kumbura, alhali ɗakin ba ya samun iskar da aka tsara masa. Matsi zai hau, sanyi ya ragu, iskar da mutane ke shaƙa ta daina sabuntuwa yadda ya kamata. Alamar da masu kula da gini ke dubawa ita ce hawan matsi a cikin bututu.

Don haka ake ɗinka bututun gunduwa-gunduwa a haɗa da zif, yadda za a iya sauke shi a wanke a injin wanki, a mayar. Wannan ma ya shafi zaɓen zare. Auduga tana shan laima, kimanin kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, tana ɗaukar fumfuna, kuma tana tsukewa bayan wanki, abin da ke canza girman kafofinta. Foliyesta kuwa laimar da take sha ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma idan an gasa ta da zafi a masaƙa takan riƙe siffarta. Ita ce aka fi amfani da ita a yau, musamman irin wadda aka sarrafa don kada ta kama wuta da sauƙi.

Wannan batu na ƙura yana da muhimmanci ga duk wanda zai kafa irin wannan bututu a yankin Sahel. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na ɗauko ƙura mai laushi daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Tsarin wanki da aka yi domin iskar arewacin Turai ba zai wadatar a Kano ko Damagaram ba. Sai an sa matata mai kyau a gaban fanka, an yawaita wanki, ko kuma a zaɓi bututun da yawancin iskarsa ta hudoji take fita, tun da huda ba ta toshewa da sauri kamar kafar saƙa.

Gwaji a Makaranta

Ɗalibai za su iya ganin duk wannan da idonsu. Gwaji na farko: a kunna kyandir, a riƙe yadi a gaban baki, a yi ƙoƙarin hure wutar daga nisa ɗaya, da gidan sauro, da atamfa, da shadda, da leda. A jera yadukan bisa sauƙin ratsuwarsu, sannan a ɗaga kowanne a haske a kwatanta girman kafofinsa.

Gwaji na biyu, a ƙarƙashin kulawar malami: tela ya ɗinka 'yan bututu masu tsawon mita guda daga yaduka daban-daban, ƙarshensu a rufe. A ɗaura kowanne a bakin na'urar busar da gashi, a kunna ta a kan iska mai sanyi na ɗan lokaci. A lanƙwasa siririn tiyo mai haske kamar harafin U, a zuba ruwa mai launi, a cusa baki ɗaya cikin bututun. Kowace milimita ta bambancin tsawon ruwan a hannuwan tiyon biyu daidai take da kimanin faskal 10. A kusanto da hayaƙin turaren tsinke jikin ƙyallen a ga yadda iska ke fita. Daga nan a yi 'yan hudoji a jere, a sake aunawa. A ƙarshe a barbaɗa garin alli a cikin wani bututun da ba a huda ba, a dubi yadda ruwan tiyo zai hau.

Kammalawa

Wanda zai zaɓi yadi domin bututun iska yana da tambayoyi huɗu da zai amsa. Iska nawa ɗakin ke bukata? Mai sanyi ce ko mai ɗumi? Ina mutane ke tsayawa, kuma wane nisa ke tsakaninsu da rufi? Wace irin ƙura ce ke cikin iskar wurin? Amsoshin ne za su nuna masa ko saƙa kaɗai ta isa, ko sai an haɗa da hudoji, da kuma girman da ya dace da su. Ilmin da zai yi amfani da shi kuwa shi ne wanda Darcy ya samo daga yashin tace ruwa, Poiseuille kuma daga nazarin gudanar jini. Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa ruwa ke nutsewa a yashi ya kwanta a kan laka ya riga ya kama hanyar fahimtar bututun ƙyalle, da matatar mota, da takunkumin da likita ke sawa a fuska.